Kilishin Umma da Shinkafar Nani

Ku tsaya, ku tsaya, bari in ba ku tun daga farko, don tun da na dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce, "Nura, an ce ka je Kanada wajen bautar Indiyawa?" Wancan ya ce, "An ce har rawa ka yi." Jiya bayan Juma'a wani Alhaji ɗan Nijar ya riƙe min hannu a wajen ajiye motoci, ya ƙi saki, wai sai na faɗa masa ko gaskiya ne an shafa min jan abu a goshi. Ba a shafa min komai ba. Rawa kuma ban yi ba, kafaɗata ce kawai ta ɗan motsa, ita ma ba da izinina ba. To ga labarin nan yadda ya faru, kowa ya karanta in samu in huta.

Duk wanda ya san ni ya san haukata da Indiya. Tun muna Zariya nake kallon finafinansu, da muka zo Greensboro na ci gaba, har na fara koyon Hindi da kaina a waya. Daga nan na faɗa karanta tarihinsu da addinansu, ba malami, ba makaranta, ni da wayata kawai a lokacin hutun aiki. A wajen aikin ne na haɗu da Rohit, tare muke loda kaya a mota. Ranar da na gaishe shi da Hindi sai da ya ajiye kwalin hannunsa don dariya. Ya ce, "Kai Hindinka duk na soyayya ne da na barazana. Ko dai za ka mutu saboda yarinya, ko za ka kashe wani a kan gada."

Gidan su Rohit mabiya Vishnu ne, wanda suka fi kira da Krishna. Ana ce musu Vaishnava. Ba sa cin nama, ba sa cin ƙwai, kai har albasa da tafarnuwa ba sa shiga tukunyarsu. Suna da wani bawan Allah nasu, ban san kalmar da ta fi dacewa ba, bari in ce waliyyinsu, mutumin ƙauyensu ne da ya rayu tun zamanin kakannin kakanni. Su dai Maharaj suke ce masa. Duk shekara ana taron tunawa da ranar rasuwarsa, kuma da yake mutanen ƙauyen da yawa sun koma Kanada, can suka gina ɗan wurin ibadarsu, can ake taron. Kakar Rohit ta wajen uwa, wadda kowa ke kira Nani, ita ce shugabar girkin taron. Gado ta yi daga uwarta.

Bana sai Rohit ya karya hannu a wajen wasan kurket, mahaifinsa kuma ba zai iya barin gidan man da yake tsaro ba. Nani ba ta shiga jirgi. Da Rohit ya ce min, "Za ka iya tuƙa mu?" bai gama rufe baki ba na ce eh. Sai da na isa gida na tuna akwai Umma.

Umma ta saurare ni tana tsinke alayyahu. Ta ce, "Tuƙi ne, taimakon tsohuwa ne, ka je. Amma abu ɗaya, Nura. Duk abin da aka ajiye a gaban gunkinsu, kada ya shiga bakinka."

Na ce, "Umma ai shinkafa ce kawai da wake."

Ta ce, "Ko ruwa ne. Ka yi min alkawari."

Na yi mata. Washegari ta sa aka kai ta McLeansville wajen wani Malam da ke yanka saniya yana kilishi a bayan gidansa, ta sayo min tuli, ta naɗe a takarda, ta cusa a ƙasan jakata. Ta ce, "In yunwa ta matsa ka, ga abokin tafiya." Na san su Rohit ba sa cin nama. Na ma san saniya a wajensu kamar uwa take, ai ni ne mai karatun. Amma na ce a raina, abu a cikin jaka, jaka a rufe, wa zai sani?

Da safe na je ɗaukarsu a gidansu, can bayan Gate City Boulevard. Kaya kamar masu ƙaura. Ludaya, kayan ƙamshi a gwangwanaye, da wani buhun shinkafa da Nani ta ƙi yarda kowa ya taɓa sai da ya wanke hannu. Rohit ya ce makonni ta yi a zaune a baranda tana tsince ta ƙwaya-ƙwaya, duk wadda ta karye ko ta yi baƙi ta cire, tana yi tana waƙa. Wannan shinkafar ce za a fara dafawa a kai wa Krishna kafin a buɗe manyan tukwane. Muka shimfiɗa buhun a but, wurin kaya na bayan mota. Wuri ya ƙare, jakata ta rage a hannu. Sai na ɗora ta a kan buhun na rufe but ɗin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hanya ta yi daɗi. Muka bar Carolina, muka ratsa Virginia, muka shiga duwatsun West Virginia, inda mota ke shiga cikin dutse ta fito ta wancan gefen. Nani na zaune a baya, ƙaramar mace ce, fari tas gashinta, hannunta na cikin wata 'yar jakar ƙyalle da ke rataye a wuyanta. Na leƙa ta madubi na ga yatsunta na motsi a ciki. Carbi ne. Bakinta bai tsaya ba tun daga Greensboro, in ba ja take ba to waƙa take, ƙasa-ƙasa, sunayen Krishna ne take ta juyawa. Ta tuna min da Gwaggo Asabe ta Tudun Wada, wadda ko shara take yi salati take.

Da Azahar ta yi na tsaya a wurin hutawar matafiya, na shimfiɗa sallaya a kan ciyawa. Ina cikin salla Rohit ya taho zai gifta ta gabana da kofin shayi, sai na ji Nani ta daka masa tsawa daga cikin mota. Ya yi kwana ya zagaya ta baya. Da na idar ta ce, "Beta," wato ɗana, "a ƙauyenmu akwai Musulmi. Na san ba a wucewa." Daga nan fa na saki jiki, na fara zuba mata tambayoyi. Na ce ta ba ni labarin Maharaj daga bakinta, don abin da na karanta a waya bai kai shafi ba.

Ta ba ni, rabi ina ganewa, rabi Rohit na juya min da Turanci. Ta ce ɗan masu sayar da tufafi ne, gidan rufin asiri, an shirya masa ya gaji shago. Shi kuwa tun yana yaro in ya ji ana waƙar Krishna sai ya manta da awo, ya ba mutum yadi fiye da abin da ya saya. Da ya girma ya bar shagon wa ƙaninsa, ya ɗauki wasu 'yan ƙarafa biyu da ake kaɗawa, ya shiga ƙauyuka ba takalmi. Wa'azinsa ba mai tsawo ba ne. Yana cewa sunan Ubangiji ba na masu karatu kaɗai ba ne, mai wanki da mai jima da mai share titi duk suna da baki, su ma su kira. A lokacin kuwa mutanen ƙasar hawa-hawa ne, akwai waɗanda ko inuwarsu ba a so ta taɓa abincin manya.

Sai aka yi wata shekarar yunwa. Maharaj ya roƙi tukwane, ya bi gidajen masu hali yana karɓar shinkafa da wake, ya kafa murhu a bakin kogi. Ya ce kowa ya zo ya ci, amma da sharaɗi: a ƙasa za a zauna, sahu ɗaya, ba a ware kowa. Manyan gari suka ce ba za su zauna kusa da masu jima ba. Ya ce to tukunya na nan, sahu na nan. Suka kore shi daga wurin ibadar garin, wasu suka jefe shi, Nani ta nuna min goshinta, wai nan aka fasa masa. Bai rama ba, bai kuma canza sharaɗin ba. Da yunwa ta yi yunwa, ɗaya bayan ɗaya suka zo suka zauna. Shi kuma ba ya sa komai a baki sai ya bi sahu yana tambaya ko akwai wanda bai ci ba. Haka ya yi har ya tsufa ya rasu a bakin kogin nan. Bai bar gida ba, bai bar littafi ba. Waƙoƙinsa ya bari, da sahun.

Ni fa labarin ya shige ni. Na ce, "Nani, ai wannan sahun irin namu ne na salla, sarki da talaka kafaɗa da kafaɗa." Ta ce, "To ka gani." Rohit ya ce, "Ka kalli hanya dai, Malam mai tarihi, babbar mota ce a gabanka."

A Pennsylvania muka kwana, a wani ƙaramin otal na wani Ba'indiye wanda da ya ga Nani ya sunkuya ya taɓa ƙafarta. Kafin magariba ta buɗe kwanukan da ta taho da su daga gida, wata soyayyiyar gurasa mai kumbura da dankali, ƙamshi ya cika ɗakin. Na riga na miƙa hannu sai wani abu ya ce min in tambaya. Na ja Rohit gefe.

"Wannan ma an kai gaban...?"

Ya ce, "Komai. Nani ba ta taɓa dafa abu ba tare da ta fara ajiye shi gaban Krishna ba. Ko gishiri ba ta ɗanɗanawa a kan wuta, don kada ta riga shi. In ya karɓa, abincin ya zama prasad, wato ragowar da ya bar mana. Shi kaɗai take ci."

Na koma na ce wa Nani na ƙoshi, na ci abu a gidan mai. Ta dube ni. Na zagaya bayan otal na buɗe but, na yagi kilishi na ci a tsaye ina waige-waige, na kurkure baki, na mayar da jakar inda take.

Da hantsi muka isa boda. Ni duk fargabata a kan takardu take, na riƙe fasfo da girin kat, katin zaman ƙasa, kamar za su tashi sama. Ma'aikaciyar ta duba, ta tambayi inda za mu, ta yi wa Nani murmushi. Sai ta ce, "Akwai nama a motar, ko wani abincin da aka yi da nama?"

Rohit ya yi dariya. "Mu? Ko ƙwai babu."

Ta juyo ta kalle ni. Jama'a, ƙarya a boda ba wasa ba ce, kuma ga but za a iya buɗewa. Na ce, "Akwai."

Aka ce mu gangara gefe. Na buɗe but, na ɗaga jakata daga kan buhun shinkafa, na zaro ƙunshin. Man kilishin ya riga ya huda takarda, ya bi ƙasan jakar, ya yi tabo ja a jikin buhun, faɗin tafin hannu. Ma'aikaciyar ta juya shi, ta shinshina, ta ce wane irin nama ne. Na ce saniya, a hankali. Ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa. Ta ce tunda ba suna ba takarda a jikinsa ba za ta iya barinsa ya wuce ba, ta ba ni haƙuri, ta jefa shi a kwandon su. Ita ta yi aikinta cikin mutunci. Ni dai ban iya ɗaga kai ba, don Nani ta fito daga mota tana tsaye a bayana, kuma kalmar saniya tana cikin ɗan Turancin da ta sani.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta kalli tabon nan ta daɗe, ta koma mota ta zauna. Daga boda har muka isa, waƙar nan da ta raka mu tun daga Greensboro ta ɗauke. Rohit ya ce min ƙasa-ƙasa, "Shinkafar ta tashi daga aiki. Ba za a kai wa Krishna ita ba." Na ce a wanke mana. Ya ce, "Ba maganar wanki ba ce." Can ya ƙara da cewa, "Kai da ka karanta komai."

Wurin taron a bayan wani ƙaramin gari yake, tsohon ɗakin ajiyar kayan gona ne suka gyara suka yi masa fenti. Takalma a waje tuli, kamar ƙofar masallaci ranar Idi. Aka sauke mu a gidan wani ɗan ƙauyensu da ke kusa, maza a ɗakin ƙasa, katifu a jere. Mutanen kirki ne ƙwarai. Mai gidan da ya ji Musulmi ne ni, da kansa ya nemo min gabas a wayarsa ya share min kusurwa. Da asuba na tashi salla na tarar sun riga ni, sun yi wanka, suna ta tafiya wurin ibada a cikin sanyi. Buhun shinkafa kuwa aka bar shi a but, ba wanda ya ƙara maganarsa. Aka kawo wa Nani wata daga shago.

Na shiga na zauna a baya na kalli waƙarsu, kirtan suke ce mata. Mutum ɗaya ya ba da baiti, jama'a su amsa, ganga mai baki biyu tana bi, ƙarafan nan na ƙara sauri a hankali har ka ji ƙirjinka na bugawa tare da su. Na ga dattijo mai gemu yana hawaye, na ga likita da direban babbar mota sun riƙe hannu suna tsalle. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu zikiri da bandiri zai gane abin da nake nufi, ko da yake abin da ake kira daban ne, kuma ni na san inda na tsaya. A nan ne kafaɗar tawa ta motsa.

Matsalar ita ce abinci. Ko ina ka juya wani na miƙo maka wani abu a ganye ko a kofi, da hannu biyu, yana murmushi. Ku kun san yadda yake a gida in ka ƙi abincin mutum, sai a ce me aka yi maka. To nan ya fi haka, don a ganinsu albarka suke miƙo maka. Na ce ciwon ciki, na ce na ƙoshi, na ce anjima. Na koma rayuwa a kan burodi da ayaba daga gidan mai, ina ci a cikin mota kamar mara gaskiya.

Ana gobe babban taro da yamma Rohit ya same ni a motar. Ya shigo ya zauna, ya ɗora karyayyen hannunsa a cinya.

Ya ce, "Akwai abin da ban faɗa maka ba. Daga yanzu Nani ta fara azumi. Ba za ta ci komai ba sai gobe, bayan ta bi sahu ta tabbatar duk wanda ya zo ya ci. Yadda Maharaj ya yi."

Na ce, "To ai za su ci."

"Kai fa?"

Na ce to ni zan tafi cikin gari in yini, in dawo bayan an gama.

Ya ce, "A motarka ta zo. A masaukinmu ka kwana. Kana cikin lissafinta tun daga Greensboro, kuma ta san ba ka ci ba, tana ƙirga ka. In ka ɓace za ta zauna ta jira ka ne. Ka kuma san tana da ciwon suga."

Na fita na kira Umma. Na zayyana mata komai, har da kilishin. Ta yi salati, ta ce, "A kan shinkafar baiwar Allah ka ɗora? Nura, kai wane irin mutum ne?" Na ce Umma yanzu dai ya zan yi, ko loma ɗaya ce in ci a wuce wurin. Ta ce, "Alkawari ka yi, kuma ba ni kaɗai ka yi wa ba. Ba za ka ci ba." Ta ce, "Amma ni ma ba na so tsohuwar mutane ta faɗi saboda ɗana. Ka taɓa faɗa mata dalili?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka daina laɓe-laɓe. Ka je ka same ta ka faɗa mata gaskiya. Mai addini ce, za ta gane mai addini."

Da safe na je ƙofar ɗakin girki, don ba a shiga sai an yi wanka an sa kayan da aka ware. Nani na tsaye kan wata tukunya da za ta iya shiga ciki ta zauna, tana juya kicari, wato shinkafa da wake da ake dafawa su yi laushi kamar fate. Na ce Rohit ya bar ni in faɗa da bakina. Na tattaro duk Hindin da nake da shi, na cire na soyayya da na barazana, abin da ya rage ba yawa. Na ce, Nani ki yafe min shinkafarki. Na ce, abincinki ba ƙyama nake ba, ƙamshinsa na hana ni barci. Na ce, a addinina ba na cin abin da aka miƙa wa wani ba Allah ba, kuma na yi wa uwata alkawari.

Ta ajiye muciya. Ta ce, "Uwarka ce ta ce?"

Na ce eh.

"Naman ma ita ta ba ka, don kada ka ji yunwa?"

Na ce eh.

Ta gyaɗa kai. Can ta ce wa Rohit, "Buhun nan yana but?" Ya ce yana nan. Ta ce, "Ku je gari ku sayo tukunya sabuwa, ƙarama, da cokali. Tukwanen nan duk na Krishna ne, abin da ya shiga cikinsu nasa ne."

Muka sayo. Ta miƙa wa wata mata muciyar babbar tukunya, ta fito bayan ginin inda ake ajiye tulun gas, ta sa aka kunna mata ƙaramin murhu a ƙasa. Ta buɗe buhun da kanta, ta ɗebo daga shinkafar nan da ta tsince ƙwaya-ƙwaya. Ta ce, "Wannan ba za ta je gabansa ba. Amma ba ta lalace ba, wani take jira." Ta wanke, ta zuba wake da kurkum, ta tsuguna tana juyawa.

Sai da aka jima na lura da abin da ya canza. Bakinta a rufe yake. Matar da ko numfashi take da sunan Krishna take yinsa, ta dafa tukunyar nan tun daga tafasa har nuna ba ta furta komai ba. Wani lokaci in ga leɓenta ya fara motsi, sai ta datse shi, don kada sunan ya sauka a kan abincina. Rohit ya ce min tun da aka haife shi bai taɓa ganin haka ba.

Da ta nuna, ta miƙo min gishiri da cokali. Ta ce, "Ni ban taɓa ɗanɗana girki a kan wuta ba, ba kuma yau zan fara ba. Kai ka zuba, ka kira sunan da uwarka ta koya maka." Na ce Bismillah, na zuba, na ɗanɗana. Na zuba ya ɗan yi yawa, amma ban faɗa ba.

Aka shimfiɗa dogayen tabarmi, jama'a suka zauna a ƙasa sahu-sahu, yara da tsofaffi, masu kuɗi da 'yan aikin gona. Na ɗauki tukunyata zan koma mota, Nani ta kama rigata ta kai ni ƙarshen sahun farko ta zaunar. Sai wani dattijo mai tabarau, cikin shugabannin wurin, ya taho. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mata abincin da ba a miƙa ba bai taɓa shiga sahun Maharaj ba, ba don yaron ba, don ƙa'ida. Nani ta ce, "Ni abin da uwata ta faɗa min, Maharaj ba ya cin abinci sai kowa ya ci, kuma ba ya ware kowa. In na kai yaron nan mota na ware shi. In na yi kuskure, ni da Maharaj ne, na kusa zuwa inda yake, zan ji daga bakinsa." Dattijon ya gyara tabarau, ya tafi. Ban ce ya gamsu ba, don har muka taho gaisuwarsa a taƙaice take.

Na ci. Na kusa da ni wani tsoho ne direban tasi, yana cin nasa ina cin nawa, kafaɗarmu na gogar juna. Ya leƙo tukunyata ya ce tawa ta fi tasa kyan shinkafa, wannan son kai ne. Da aka gama, Nani ta bi sahu tana dogara bango, tana tambaya ko akwai wanda bai ci ba. Da ta zo kaina ta tsaya, ta leƙa tukunyar, ta ga na share ta tas. Sannan ta je ta zauna aka zuba mata nata.

A hanyar dawowa waƙa ta dawo tun kafin mu kai boda. Da muka iso Greensboro ta ce tukunyar da sauran buhun na Umma ne, ita ba ta da abin yi da su.

Umma ta zauna ta ji labarin har ƙarshe, ta sa na maimaita wajen da Nani ta rufe baki. Ta buɗe buhun ta ɗebo shinkafar a tafin hannu ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ko ɗaya babu karyayya." Sai kuma ta shiga damuwa, don ita a duniya ba ta karɓar kwano ta bar mai shi haka. Ta ce za ta yi mata tuwo da miyar kuka ba nama. Na ce ba za ta ci girkin da ba ita ta miƙa ba. Ta ce to fura. Na ce duk ɗaya ne. Ta yi tsaki ta ce, "Wannan mata ta fi ni tsauri."

Bayan kwana biyu ina dawowa daga aiki na tarar da ita a baranda da tire a cinya da tabaranta a hanci, tana tsince geron da aka kawo mata daga gida, wanda ko ni ba ta bari in taɓa. Da ta gama ta ɗaure shi a sabon ƙyalle, ta haɗa da dabino, ta ce in wanke hannu kafin in ɗauka, kuma kada in kuskura in ɗora komai a kai.

Na ce, "Umma kin san fa in ta dafa, gaban Krishna za ta fara kaiwa."

Ta ce, "Ni ita na ba. Inda za ta kai kuma, ita ta sani."

To kun ji abin da ya kai ni Kanada da abin da na ci a can. Yanzu saura ku. Na san a garin nan da yawanmu muna aiki da su, muna maƙwabtaka da su da wasunsu. Wa aka taɓa miƙo wa abincin da ba zai iya ci ba, daga hannun da ba ya so ya ɓata wa rai? Ya kuka yi? Ku ba ni labari, musamman Alhajin da ya riƙe min hannu jiya, don na ga alama akwai magana a bakinsa.